Injin kwamfuta zai kashe aikin hannu?

Malam, ka tambaya ko injin surfani mai kwamfuta zai kori masu aikin hannu gaba ɗaya. A ganina a'a, sai dai zai cinye kasuwar kayan arha. Inji yakan gama wuyan riga cikin sa'o'i, aska takwas ta Zariya kuwa, wato adon babbar riga da ake yi da hannu, takan ci makonni. Mai sayenta ya san abin da yake biya: juya bayan aikin kawai zai yi ya gane hannu ne. Kuskuren da nake yawan gani, mai aikin hannu ya karya farashi wai zai yi gasa da inji. Asara zai kwasa. In injin kake son saya, fara zama da makanikinsa kan kayan gyara da batun wuta, don ba ya jure wutar da ke rawa.