Ni da maigida duk AS ne, ɗanmu na fari sikila: shin wannan cikin ya tsira?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni da maigidana duk AS ne, amma ba mu sani ba sai da ɗanmu na fari ya kai wata bakwai, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, aka gwada aka ce SS ne. Yanzu ina da cikin sati 11. Ƙanwata ta haɗa ni da wata mai ba da shawara kan cututtukan gado a Legas, muka yi magana ta bidiyo a waya. Sabis yana ta yankewa, abin da na riƙe kawai shi ne "ɗaya cikin huɗu" da wani gwaji da ake yi wa ciki. Surukata tana tsakar gida ta ji komai, yanzu cewa take daga danginmu ciwon ya zo. Maigida yana aiki a Fatakwal, ya ce in kwantar da hankalina, tunda na fari ya ɗauka sauran ukun sun tsira. Ni kuwa tun ranar barci ya ƙaurace mini. Gaskiya ya faɗa? Kuma anya shawara ta waya ba ƙara wa mutum damuwa take yi ba?
Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya raba lafiya.

Da maganar maigidanki zan fara. Na san don ya lallashe ki ya faɗa, amma ba haka abin yake ba. Kusan duk ranar asibitin sikila sai na ji wannan zance, daga bakin direba, daga bakin malamin makaranta, wani lokaci har daga bakin ma'aikacin lafiya. Mutane sun ɗauki "ɗaya cikin huɗu" kamar adashi: wai na fari ya yi kwasa, sai an zagayo kafin a sake zuwa kan wani. Gadon jini ba shi da uwar adashi mai rubuta wanda ya kwasa. Ki ɗauka an zuba goro huɗu a ƙwarya, uku farare ɗaya ja. Duk cikin da kika samu, an rufe ido ne an zari ɗaya, sannan an mayar da shi cikin ƙwaryar an girgiza. Jan goron bai tafi da ɗanki na fari ba, yana nan. Wannan cikin na iya zama AA, wato bai gaji S ko ɗaya ba, kashi 25 cikin ɗari. AS, wato irinku mai S ɗaya ba tare da ciwon ba, kashi 50. SS, wato mai sikila, kashi 25. Haka yake a na fari, haka zai kasance a na goma.

Idan aka lissafa gidaje ɗari da uwa da uba duk AS ne, kowanne da 'ya'ya huɗu, kusan 32 ba za su ga sikila ko ɗaya ba, kusan 42 za su samu ɗaya, sauran 26 kuma biyu ko fiye. Shi ya sa za ki ji wata tana rantsuwa cewa ita da mijinta AS ne sun haifi biyar lafiya lau, likitoci tsoratarwa kawai suke yi. Ba ƙarya ta yi ba, sa'a ta ci. Maƙwabciyarta kuma uku a jere.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan kuskure shi ne na ga inda yake kai mutane. Saurayi da budurwa su zo da takardar gwaji, duk AS, su ce sun yanke shawara za su haifi uku su tsaya kafin na huɗun ya zo, kamar ciwon yana jiran layi. Jihar Kano ta yi dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024, abu ne mai kyau, amma takarda ba ta yin bayani. In an miƙa wa mutum sakamako ba a zauna da shi ba, lissafin adashin zai yi. Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne iyaye irinku. Sun riga sun yarda na biyu ya tsira, sai ba a gwada shi ba. Jariri mai sikila kuma garau yake fitowa, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi har wajen wata shida. Iyaye su ce ka gani, mun faɗa. Ba a sa shi a kan penisilin, maganin kariya daga ƙwayoyin cuta, ba, in ya yi zazzaɓi a je kemis a ce haƙori ne. Sai wata rana da tsakar dare a kawo shi tafin hannu fari fat, saifa ta kumbura ta tsotse jini, ana neman wanda zai bayar. Duk da 'yar kalma ɗaya aka fara: "na fari ya ɗauka".

A nan ne kuma masu lasifika a bakin kasuwa da 'yan TikTok suke samun ciniki, masu jarkar da wai take mayar da SS ya koma AS, ko ta wanke jinin ɗan da ke ciki. Babu abin sha da yake canza abin da aka gada. Har takarda suna nunawa, alhali duk mai sikilar da aka ƙara wa jini kwanan nan gwajinsa na iya fitowa kamar AS, saboda jinin wani ne ke yawo a jikinsa. Ke da kike da ciki, kada ki kai ko cokali ɗaya bakinki. Hoton ciki ma ba ya nuna sikila, ko sau nawa aka yi.

Gwajin cikin da mai ba da shawarar ta yi miki magana a kai gaskiya ne. Tsakanin sati 11 da 14 ana ɗibar ɗan ƙanƙanin yanki na mabiyiya da allura, daga sati 15 kuma ruwan da ɗan ke kwance a ciki ake ɗiba. Cibiyar sikila ta ƙasa da ke Idi-Araba a Legas tana yi. Akwai kuɗi, akwai tafiya, akwai kuma haɗarin ɓari, duk da a hannun ƙwararre bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Kafin ki hau mota ku tambayi kanku me za ku yi da amsar. Wasu don su shirya suke yi, wasu don su samu barci. Dokar Najeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, hukuncin addini kuma na malamai ne. In kun zaɓi ku jira a gwada jaririn da zarar an haife shi, ba ku yi sakaci ba.

Shawara ta waya ba ƙarama ba ce a wurina. Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a ƙasar nan, mace mai laulayi kuma ba za ta kama hanyar Legas don zaman minti arba'in ba. Wasu ma sun fi sakin jiki a ɗakinsu, inda ba wanda zai gan su a layin 'yan sikila ya kai gari. Sai dai a asibiti ina ganin lokacin da idon mace ya ciko, in yi shiru, in bar ta ta numfasa. In ta fita akwai nas, akwai wata uwa a benci da za ta ce mata nawa shekararsa goma sha biyu yana makaranta. A waya kuwa ana kashewa sai ke kaɗai da bango, da rabin jimlar da sabis ya bar miki. Rashin barcin nan daga nan ya fito, kuma ba raunin imani ba ne. Ga gidajenmu da ba su san sirri ba: labule ne ƙofa, waya ɗaya mutum uku ke taɓawa. Kamata ya yi tun farko a tambaye ki wa ke kusa, kuma ko kina son a ji.

Zancen surukarki ba sai an ja ba. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Tunda ɗanta AS ne, to daga ita ko daga mahaifinsa ya samo. Ba na cewa ki je ki faɗa mata haka, bakin matar ɗa ba ya gyara wannan. Aikin ɗanta ne, cikin ladabi. Kuma ya yi da wuri, domin na ga gidajen da aka ƙara aure a kan wannan zargi, amarya AA ta haifi masu lafiya, aka ce ai ga hujja, uwargida ta ƙare rayuwarta da tabon laifin da rabinsa na mijin ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, babu dangin da zai nuna wa wani yatsa.

Ki nemi a sake zaman. Wannan karon a haɗa maigida a kiran daga Fatakwal, ya ji da kunnensa, kada ki zama 'yar aike tsakaninsa da mai ba da shawarar. Ki je gidan ƙanwarki ko wani wuri mai sabis, ki sa abin kunne, ki rubuta tambayoyinki tun kafin a fara. In bidiyo yana yankewa a koma murya zalla. In Turancin ya yi yawa ki ce a sauko ko a samo mai Hausa, a ƙarshe ki maimaita mata abin da kika gane don ta gyara, ta kuma turo miki a rubuce. Sati 14 bai da nisa, don haka a cikin makon nan ya kamata a sake zaman. Ki ci gaba da zuwa awo, kuma in rashin barcin ya kai sati biyu, ko abinci ya fita ranki, ko kika riƙa kuka ba dalili, ki faɗa wa ungozomar da ke duba ki ido da ido.