Amsa ga mai tambaya kan inshora da maganin hawan jini

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ana cirar kuɗin inshora a albashinka, amma da ka kai maiɗakinka asibiti a nan Katsina sai aka ce maganin hawan jininta babu, ku je kemis ku saya. Allah Ya ba ta lafiya.

In a tsarin NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) na ma'aikatan tarayya kake, ya ƙunshi kai da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne za ka biya. Sai dai suna da jerin magungunan da suke biya, ba kowane maganin da likita ya rubuta ke ciki ba. Ka tambayi mai ba da magani ko akwai makamancinsa a jerin. In yana ciki amma aka ce ya ƙare, kai ƙorafi wurin HMO ɗinka (kamfanin da ke kula da inshorarka tsakaninka da asibiti), ka adana rasit. Ganin babban likita kuwa sai asibitinku ya nemo lambar izini daga HMO, kada ka fara biya kafin ta fito. Ma'aikatan jiha hukumarsu daban ce, ƙa'idojin na iya bambanta.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ta yanke magani ana wannan kai-komo. Hawan jini ba ya sallama, yana iya taɓa ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma wankin ƙoda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ta riƙa awon jini a kai a kai, a rage gishiri da dunƙule a miya. Kai ma in kun je, a auna ka, har da suga.