Kwamfutar da Aikinta Ɗaya Ne

Jiya ka tambaye ni, yarona, me ya sa na hana mai kemis ɗin nan sayen babbar kwamfuta alhali yana da kuɗinta, na sa ya ɗauki 'yar mitsitsiyar nan da ba ta fi littafi girma ba. Lokacin hannuna na kan aiki. Jawo benci ka ji.

Me zai yi da ita? Lissafin magani da buga rasit, daga safe har dare, shi ke nan. Irin wannan aiki ba ƙarfi yake nema ba, juriya yake nema da ƙarancin cin wuta. Mutumin nan kan sola yake da baturi ɗaya. Ka ɗora masa tsohuwar hasumiya, wato babbar kwamfutar tebur mai fankoki uku, kafin isha'i baturin ya kwanta, kuma sunanmu zai kira.

Shi ya sa nake son ƙananan nan na ofis da ake kawowa na hannu: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny. Don ofisoshi aka ƙera su, inda ake barin su a kunne yini guda. Ka dubi lambar furosesa. In ka ga T a ƙarshe, kamar i5-8500T, wat 35 ke nan, ba ta zafi sosai. Lambar farko bayan i5 kuwa, wato 8 a cikin 8500T, ita ce zubinta, ma'ana zamanin ƙirarta, kuma a nan ake cutar mutane. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 take karɓa. Za a miƙo maka 6500T da araha, har ranka ya biya. In kwamfutar ba za ta taɓa hawa intanet ba, babu laifi. In za ta hau, ƙara kuɗi ka ɗauki ta 8. Ram giga 8 da SSD mai giga 256 sun ishe shi har da saura.

Na san Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, ke ranka, na ga yadda kake juya ta. Abu ce mai kyau, amma manhajar kemis ɗin ta Windows ce, ba za ta hau kanta ba. Ga katin memori da take aiki da shi, ɗaukewar wuta na yawan lalata shi.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne caja. Waɗannan ƙananan cajarsu a waje take, kamar ta laftof. Dell na tantance cajarta ta siririn ƙarfen da ke tsakiyar bakin. In jabu ce, sai ta rage wa kanta gudu. Na taɓa shafe kwana biyu ina canza ram, ina sake zuba Windows, ashe caja ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mai kayan ya yi ta zarya. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, na ga ta gane cajarta, wat 65 ko 90. Kana ciki ka tabbata ba a sa mata kalmar sirri ba. In agogonta na ɓata lokaci, ƙaramin baturin nan ne CR2032, canza shi.

Sai ka juya bayanta. Da yawansu DisplayPort gare su, allon kwastoma kuwa VGA ne ko HDMI, don haka ka haɗo da mahaɗi tun a kasuwa. Ka ƙirga ramukan USB: firinta, na'urar karanta lamba, kibod, maus.

In mun kai masa gobe, a bayan allo za mu ɗaure ta, nesa da ƙasa, saboda ƙurar hunturu ita ke toshe fanka. Akwai wuri a BIOS da za ka saita ta riƙa tashi da kanta in wuta ta dawo. Kai za ka yi wannan, ina tsaye. Ka taho da sukundireba da burushi.