Yaron shagon da sai an ce masa "yi"

Wani matashi mai tsaron shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Maigidansa yana yawan tafiya sarin kaya, shi kuma duk abin da ya taso sai ya buga masa waya. Kwanan nan Alhaji ya yi masa faɗa, ya ce ya gaji da yaron da sai an ce masa yi sannan ya yi. Shi kuwa tsoronsa kada ya zaƙe ya jawo asara a dukiyar da ba tasa ba. Ina zai tsaya?

Ƙanena, wannan tsoron naka amana ce ta haife shi, kuma ba na so ka rabu da shi gaba ɗaya. Amma ka duba abin ta ɓangaren Alhaji. Yana Legas ko Dubai yana fama da masu kaya, sai ga wayarka kana tambayar ko a buɗe dilar da ke sito. Ya ɗauke ka ne don ka rage masa tunani, kai kuma kana bin sa da tunanin har inda ya tafi. Ka ɗauka da muguwar rawa gara ƙin tashi, shi kuwa ƙin tashin ne yake ci masa tuwo a ƙwarya.

Ka fara da ayyukan da ba sa cin ko kwabo daga aljihunsa. Sayi ɗan littafi, duk kayan da kwastoma ya tambaya aka ce babu ka rubuta: wane iri, wace kala, turmi nawa yake so. Wannan aikin na fi so ka riƙe da gaske. Alhaji lissafin abin da aka sayar kawai yake gani. Wanda ya shigo da kuɗinsa ya fita hannu rabbana ya shiga shagon maƙwabci, kai kaɗai ka gan shi. Kafin wata ya zagayo za ka san abin da kasuwa ke nema fiye da mai shagon, kuma ranar da zai tafi sari ka miƙa masa littafin. Haka ƙirga kayan sito, da fito da tsohon yayin da ya kwanta gaba inda ido zai gan shi, da ajiye lambobin 'yan sari masu zuwa daga Nijar da Chadi da garuruwa. Tun a Sha'aban ka fara tura musu hoton sabbin kaya ta WhatsApp, domin mai sayen kayan sallah yana rige-rigen kai wa tela ne kafin ɗinki ya yi masa yawa. Duk waɗannan ba sa buƙatar izinin kowa.

Sai kuma yadda kake buga wayar. Daina cewa "Alhaji, yaya za a yi?" Ka ce: "Alhaji, farar shadda saura kaɗan, na tambayi mai kawo mana ya ce akwai, ga farashinsa, ina ganin a ajiye mana kafin Juma'a. In ce ya ajiye?" Ka gama tunanin, ka bar masa e ko a'a. In ya amince da shawararka sau da yawa, da bakinsa zai ce irin wannan ka daina tambayarsa.

Inda nake so tsoronka ya zauna daram shi ne bashi da farashi. Kada ka ba kowa kaya bashi da ra'ayinka, ko da abokin Alhaji ne na ƙut da ƙut. Akwai tsohon lissafi tsakaninsu da ba ka sani ba. Kada kaya su fita don an nuna maka alat a waya, sai ka ga kuɗin a asusu da idonka. Farashi kuwa, ka tuna abin da ya faru bayan Babban Banki ya saki naira, wato ya bar kasuwa ta yanke mata farashi, a watan Yunin 2023. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayar da kayan waje a tsohon farashi yana murnar riba, da ya koma sari sai ya tarar kuɗin ba za su mayar masa da kayan da ya fitar ba. Shi ya sa maigida yake kishin farashi: shi ya san nawa sabon kaya zai sauka.

Akwai hadisin Urwatul Bariƙi a Bukhari. Annabi (SAW) ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya, sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Ka lura, ya yi abin da ba a ce masa ba, amma ya dawo da komai ya ajiye a gaban mai dukiya. Malamanmu na Malikiyya sun ce cinikin da mutum ya ƙulla da dukiyar wani ba da izini ba yana rataye ne a kan yardar mai ita. Saboda haka duk abin da ka zartar, ka sanar da Alhaji a ranar, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Ya ji daga bakinka kafin ya ji daga bakin maƙwabta.

Idan ya dawo daga wannan tafiyar, nemi lokacin da kasuwa ta lafa ka zauna da shi cikin ladabi. Ka tambaye shi ragin nawa za ka iya yi a turmi ba tare da ka kira shi ba, su wa ya yarda a ba su kaya kafin su biya kuma iyakar nawa, da nawa za ka iya kashewa a kan dako da ƙananan gyare-gyare. Rubuta amsarsa a gabansa cikin littafin nan, ka karanta masa ya ji.