Tunkiyar da na hana a yanka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ranar sunan ɗan yayarka ka ji kunya da na sa aka kwance tunkiyar nan, ga baƙi zaune, mahauci har ya wasa wuƙa, na tura a sayo rago a Karar Bukuru. Kana tambaya wai al'ada ce ko rigimar tsufa.

Ciki gare ta. Ku kun ga araha da ƙiba, ni hantsarta na duba, ta fara sauka. Iyayenmu ba sa yanka mai ciki, ba wai don naman ya haramta ba. Wata biyar tunkiya ke ɗauka ta haihu, wanda ya yanka ta a haka ya cinye ragon layyar baɗi tun yana ciki. Haka suke ba dabba ruwa kafin yanka, ba sa wasa wuƙa a kan idonta, wannan na wuƙar kuwa koyarwar Annabi ce (SAW).

Ku ba ku ga garke ya ƙare ba, shi ya sa. A 1983 ciwon bushiya ya faɗa wa shanu, na ga Bafulatani zaune kusa da mushe yana kuka kamar yaro. Nono ya yi wuya, taki ya yi wuya, masu dankali da acca da ke jiran shanu su kwana a gonarsu bayan girbi suka ji a jikinsu. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, nan kusa da mu, saboda wannan ciwon aka kafa ta a 1924, kuma sai 2011 aka ce ya gushe daga duniya. Dubi shekarun da aka sha.

Ga jaki kuma. Da ba a cin namansa, ba a labta masa kaya in gadon bayansa ya yi gyambo. Sai ga masu sayen fata zuwa Sin, aka yi ta kwasa ana yankawa, har Tarayyar Afirka ta hana yanka shi don fata a 2024. Yanzu ɗan ƙauyen da jaki ke kai wa hatsi kasuwa kuɗin babur yake biya, ga tsadar fetur.

Tunkiyar dai na biya kuɗinta, tana wajen Gwaggonka a Unguwar Rogo. Ta haifi biyu. In za ka shigo ka taho mata da dusa.