Mita ɗaya, iyali takwas: me ya sa kuɗin wutarmu ke hawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a gidan haya a Aboabo, Kumasi, mu iyali takwas a kan mita ɗaya. A ɗakina ƙwan lantarki biyu ne da fanka da cajin waya, amma abin da nake bayarwa a wata ya fi na ƙanwata mai mitarta ita kaɗai a Asawase. Cutarmu ake yi ne? Kuma gas ɗin girki ma haka tsarinsa yake? Daga wata Hajiya, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ga alama mitarku lafiyarta ƙalau, tsarin farashin ne bai yi la'akari da irin zamanmu na zango ba. Hukumar PURC, wadda aka kafa a 1997, ita ce ke yanke farashin da kamfanin ECG ke sayar da wuta a kansa, kuma ta kasa masu amfani da wuta a gida mataki-mataki. Wanda bai wuce yunit 30 a wata ba yana biyan farashin rangwame da aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi. Da zarar mita ta haye 30, rangwamen ya faɗi gaba ɗaya, har a kan yunit na farko, idan kuma ta zarce 300, abin da ya hau kai ya fi tsada.

Fanka mai wat 60, idan ta yi awa takwas kowane dare, tana cin kusan yunit 14 a wata, saboda haka ko an haɗa da ƙwayayenki da cajin waya, ke kaɗai da wuya ki kai 30. Sai dai mita ba ta san ɗakuna ba, jimla take ƙirgawa: iyali takwas masu cin yunit 25 kowanne sun tara 200 ke nan, idan kuwa akwai mai firiza yana sayar da ƙanƙara, ko mai dafa ruwa da hita, nan da nan za a doshi matakin sama. A ganina wannan rashin adalci ne a fili, domin an yi rangwamen don talaka, amma talakan gidan haya ne ya fi rasa shi, kuma rage iyakar daga yunit 50 zuwa 30 da aka yi a 2022 ya ƙara ƙuntata ƙofar.

Mafita ita ce ki nemi yardar mai gida, ki je ofishin ECG na yankinku da katin shaidarki na ƙasa ki nemi mita taki, idan kuma aka yi ta jan ƙafa, PURC tana karɓar koke. Kafin nan, ku zauna ku raba kuɗin bisa kayan wutar da kowa ke da su, domin rabawa ɗaki-ɗaki ɗora wa mai fanka nauyin mai firiza ne.

Gas kuwa ba shi da mataki. Yana ƙarƙashin NPA, hukumar da ke kula da harkar man fetur a Ghana, ana sayar da shi kilo-kilo a farashi ɗaya ga mai ƙaramar tukunya da mai babba, kuma ana sake duba farashin sau biyu a wata bisa kasuwar duniya da darajar sidi a gaban dala.