Taliya da niƙaƙƙen nama: me ke ɓata cikin yarona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciya ce a Gusau, ba na shiga gida sai gab da magariba, shi ya sa na koyi soya taliya da niƙaƙƙen nama irin ta 'yan Sin. Sau biyu ke nan ina yi autana yana kamuwa da gudawa. Maƙwabciyata ta ce ba daga naman ba ne, wai tunda an niƙa shi minti biyu ya ishe shi, kuma attaruhu da soya sos (baƙin romon waken soya mai gishiri) suna kashe ƙwayoyin cuta. In daina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Girkin ba shi da laifi, ga yadda za ki yi wa mutum huɗu. Ki dafa taliya giram 400, ki sauke ta da sauran ƙarfinta, ki tsame, ki ajiye rabin kofi na ruwanta. Ki dama soya sos cokali huɗu da sukari cokali ɗaya a cikin ruwan. Kada ki ƙara gishiri ko dunƙule, sos ɗin ya wadatar. Kasko ya yi zafi sosai, man gyaɗa cokali biyu, sai nama rabin kilo, amma kashi biyu za ki soya shi. In kin jibga shi gaba ɗaya kaskon zai huce, naman ya tsatso ruwa, ya koma dafaffe maimakon soyayye. Ki baza shi, ki ƙyale shi minti uku, sannan ki farfasa ki ci gaba da juyawa har minti takwas. Daga nan tafarnuwa huɗu, ɗanyar citta, attaruhu, kabeji da karas. Sos da taliya su ne na ƙarshe, lawashi da soyayyen riɗi a kai.

Zancen maƙwabciyarki kuwa, kullum sai na ji irinsa, kuma ya ishe ni. Tsokar nama ƙwayoyin cutarta a bayanta suke, wuta na taɓa su sun mutu, shi ya sa tsire ke tsira. Niƙa kuwa cusa su yake yi har tsakiya, ga kuma injin da ya wuni yana niƙa naman mutane ba a wanke shi ba. Niƙaƙƙen nama sai zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Celsius kafin ƙwayoyin su mutu. Attaruhu ba ya wannan aikin, lemun tsami ba ya yi. Soya sos ma yaudara ce da shi: yana rina ɗanyen nama ya yi duhu kamar ya soyu. Wadda ta zuba shi da wuri idonta ya ce mata an gama, alhali cikin curin jajur yake. Abin da ya sa na ce sos a ƙarshe ke nan. A 1993 a Amurka, niƙaƙƙen naman da bai dahu ba ya kwantar da ɗaruruwan mutane, yara huɗu suka rasu. Ƙwayar E. coli ce, mai iya lalata ƙodar ƙaramin yaro.

Sannan ina naman yake kwana ko wuni? A zafin Zamfara na bazara, awa ɗaya a waje ta yi masa yawa. Ki sayi tsoka wurin mahauci ki niƙa a gida, ko ki daddatsa da wuƙa, ki dafa a ranar. In wuta ta ɗauke firji ya huce, kada ki dogara da sansanawa, ƙwayar nan ba ta wari. Faranti da wuƙar da suka taɓa ɗanye kada su taɓa lawashi sai an wanke da sabulu.

Shi kuma yaro, ki ba shi ruwan gishiri da sukari. Da kin ga jini a bayan gidansa, ko fitsarinsa ya ragu, ko ya yi laushi, asibiti kai tsaye. Kada ki tsaya kemis a haɗa miki Flagyl da maganin tsayar da gudawa, a irin wannan cutar suna iya ƙara dagula lamarin.